Idan aka kwashe sojoji cinikinmu ya tsaya: me gwamnatin jiha take yi wa garuruwan bariki?

Mai Shago, Killeen

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tambaya ce gare ni, musamman ga 'yan'uwa mazauna Amurka da suka san harkar gwamnati. Wane irin tallafi gwamnatin jiha take bai wa garin da abincinsa gaba ɗaya ya rataya a kan barikin soja? Kuma shin tallafin yana saukowa har kan ƙaramin ɗan kasuwa, ko a ofisoshi yake tsayawa?

Ina zaune a Killeen, jihar Texas, garin da ke manne da Fort Hood, barikin nan da aka sauya wa suna zuwa Fort Cavazos a 2023 aka sake mayar masa da tsohon sunansa a 2025. Ina da shagon kayan abincin gida: garin rogo, manja, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, busasshen kifi, doya idan ta samu. Juma'a da Asabar ina yin masa da miyar taushe a ɗan kicin ɗin bayan shago. Masu saye a wurina yawancinsu sojoji ne 'yan asalin Najeriya, Ghana, Kamaru da Laberiya, sai matansu, sai waɗanda suka yi ritaya suka zauna a garin. Ranar 1 da ranar 15 ga wata ake biyan soja albashi a nan, kuma ko ban duba kalanda ba ina gane ranar daga yawan motocin da ke tsayawa a ƙofar shago.

Matsalar ita ce tafiya. Duk sanda aka ɗauki birged guda aka tura Poland ko Koriya, wata tara ke nan ba ka ganinsu. Kuma ba sojan kaɗai ke tafiya ba. Matar da ke da goyo ba za ta zauna ita kaɗai ba, sai ta kwashi yara ta koma wurin 'yan'uwanta a Houston ko Maryland. Mai aski na kusa da ni ya ji a jikinsa, mai wankin mota ya ji, mai ba da hayar gida ya ji. Ni doya ce ke ruɓe mini, saboda kwali nake saye, ba a sayar mini da rabi. Kuɗin hayar shago kuwa ba ya sauka ko sisi. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, ma'aikatan bariki farar hula ba su ga albashi ba, sojoji ma kowane zagaye cikin zullumi suke ko za a biya. Na ga mata da ba su taɓa neman bashi ba suna tsayawa a gaban kanta suna ƙirga abin da za su mayar.

Tsofaffin garin suna cewa wannan ba komai ba ne, in ga 1990, lokacin yaƙin Tekun Fasha, da aka kwashe sojoji tituna suka yi tsit, shaguna suka yi ta rufewa. Ba abin mamaki ba ne in ka san asalin wurin. A 1940 mutanen Killeen ba su kai 1,300 ba, ɗan ƙauyen tashar jirgin ƙasa ne na manoman auduga. A 1942 aka kafa sansanin, aka tashi ɗaruruwan iyalai daga gonakinsu. A ƙidayar 2020 mutanen garin sun haura 153,000. Bariki ne ya haifi garin nan.

To wata kwastoma, mijinta hafsa ne, ta ce mini ofishin gwamna a Austin yana raba miliyoyin daloli ga garuruwan bariki. Shi ne nake son wanda ya sani ya warware mini: kuɗin mene ne, wa ake bai wa, kuma mai shago irina tana da ƙofar shiga?

Injiniya, San Antonio

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa. Ina aikin tsara hanyoyin ruwa a nan San Antonio, wani sashe na aikinmu yana shafar sansanonin soja, don haka zan faɗa miki yadda abin yake.

Kwastomarki ta yi gaskiya, kuɗin akwai. Amma ba don ke aka ware shi ba. An ware shi ne don kada a rufe barikin.

Asalin maganar wani tsari ne da ake kira BRAC, na rufe sansanoni da sauya musu aiki. An yi shi sau biyar: 1988, 1991, 1993, 1995 da 2005, an rufe wurare sama da 350 manya da ƙanana. Yadda yake tafiya, ma'aikatar tsaro ta fitar da jerin sunaye, wani kwamiti mai zaman kansa ya duba ya gyara, sannan shugaban ƙasa da majalisa ko su karɓi jerin gaba ɗaya ko su ƙi gaba ɗaya. An yi haka ne da gangan don kada kowane sanata ya zare barikin jiharsa. Texas ta sha dukan sosai. Sansanonin Bergstrom a Austin da Chase Field a Beeville sun rufe a 1993, Reese a Lubbock a 1997, Kelly a nan garinmu a 2001, sansanin sojan ruwa na Ingleside a 2010. Kelly ita ce ta fi ciwo, domin ta daɗe tana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a San Antonio, iyalai da yawa 'yan asalin Meziko da albashinta suka sayi gidan farko suka kai yara jami'a.

Daga nan jihar ta farka. A 1997 aka ƙirƙiro tallafin da ake kira DEAAG. A 2003 aka kafa hukumar shirin soja a ƙarƙashin ofishin gwamna, ita ke kula da shi, kuma a shekarar ce masu zaɓe suka amince da asusun rance na dala miliyan 250 don garuruwan bariki. Tallafin DEAAG yana kamawa daga dala 50,000 zuwa miliyan 5 a kan kowane aiki. Masu iya nema su ne hukumar gari, gunduma, ƙaramar kwaleji, da hukumomin da aka kafa don sarrafa tsohon bariki. Mutum ɗaya ko shago ba ya ciki. Da farko an fi kashe shi a garuruwan da aka riga aka rufe wa sansani. Yanzu ya fi tafiya wajen riga-kafi: a gyara ƙofar shiga bariki, a ja ruwa ko wuta, a saye filin da ke kusa da titin jirgi don kada a gina gidaje su hana atisaye. A nan San Antonio an yi amfani da shi wajen jan ruwan gari zuwa sansanoni. Lissafin shi ne, idan wani zagayen rufewa ya zo, barikin da ke da ruwa da wuta da fili shi zai tsira.

Ba Texas kaɗai ba. A 2005 sansanin jiragen ƙarƙashin teku na Groton a Connecticut ya shiga jerin rufewa, da ƙyar kwamiti ya cire shi. Bayan shekara biyu jihar ta buɗe ofishin harkokin soja ta kuma amince da miliyoyin daloli don gine-gine a cikin sansanin, wanda mallakar tarayya ne. South Dakota ma haka, bayan sansanin sojan sama na Ellsworth ya tsallake rijiya da baya a 2005, a 2009 suka kafa hukuma musamman don shi. A ɓangaren tarayya akwai ofishi a ma'aikatar tsaro tun 1961 da ke taimakon garuruwa da kuɗin tsara makoma, sannan tun 1950 ana bai wa makarantun garuruwan bariki wani kaso, tunda filin gwamnatin tarayya ba a biya masa harajin gida. Makarantun Killeen suna cikin masu karɓa.

Ƙofar da ke buɗe gare ki ta dabam ce. Akwai cibiyoyin SBDC da ke ba ƙananan 'yan kasuwa shawara kyauta, su duba miki lissafi su nuna miki rance mai sauƙi. Akwai APEX, su kuma aikinsu koya wa mutum yadda ake neman kwangilar gwamnati. Sannan kantin bariki yana ba 'yan kasuwa na waje izinin kafa teburi ko rumfa a ciki, suna ɗaukar kaso daga ciniki. Masa da miyar taushe a bakin kantin nan ranar albashi, ina ganin ba za su kwana ba.

Mai Shago, Killeen

Injiniya, Allah ya saka da alheri, ka buɗe mini ido. Zan bi maganar rumfar nan. Amma bayaninka ya taso mini da abin da ya daɗe yana cina, kuma shi na sani ciki da waje domin daga aljihuna yake fita.

Texas ba ta karɓar harajin albashi. Gari da harajin gidaje da na ciniki yake rayuwa. A shagona, duk abin da haraji ya hau kansa, kamar dafaffen abinci, ina ƙara kashi 8.25 cikin ɗari, 6.25 na jiha, sauran na gari da gunduma. A kantunan cikin bariki ba a karɓar wannan. Kenan sojan da ke bin titin garin, motar kashe gobarar garin ke tsaron gidansa, sayayyarsa mai nauyi can ciki yake yi. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ina da katin shiga can zan je.

Babbar maganar ita ce ta tsofaffin sojoji. A 2009 jihar ta yi doka cewa tsohon sojan da aka tabbatar nakasarsa ta kai ɗari bisa ɗari ba zai biya harajin gidan da yake zaune a ciki ba. Wallahi sun cancanta. Akwai wanda ke zuwa shagona da ƙafar roba, Iraki ya baro tasa, ba zan taɓa cewa a karɓi sisinsa ba. Amma ina irin waɗannan bayin Allah suke zama? Kusa da asibitin soja, kusa da bariki, wato a nan. Dallas ko Austin ba sa jin nauyin kamar yadda gundumarmu ta Bell ke ji. A 2015 aka yi wata doka ta mayar wa garuruwan da abin ya fi shafa wani abu, sai dai abin da ake mayarwa bai kai abin da aka rasa ba, kuma dokar ta ce sai garin da ke manne da bariki. Harker Heights, maƙwabtanmu da ke cike da tsofaffin sojoji, aka bar su a waje shekara da shekaru don iyakarsu ba ta taɓa shingen ba.

Giɓin nan wa ke cike shi? Sauran masu gidaje da masu gine-ginen haya. Mai ginin da nake haya a ciki harajinsa ya hau, shi kuma ya ɗora mini a sabon kwantiragi. Jiha ce ta yi alkawarin, ita aka yi wa tafi, garin ne ke biya. Don haka idan an ce an ba da miliyan 5 don gyaran ƙofar bariki, ina murna, amma ba zan kira shi tallafin al'umma ba muddin wancan ramin yana buɗe.

Ɗan Agadas

Salamu alaikum. Hajiya sannu da ƙoƙari. Ni daga Agadas nake rubutu, kuma abin da kike tsoro mu mun gan shi da ido, ko da yake namu bai kai girman naku ba.

Amurkawa sun gina sansanin jirage marasa matuƙa da ake kira 201 a kudancin gari, an ce ya ci wajen dala miliyan 110, ya fara aiki a 2019. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa suka gama fita a watan Disamba na shekarar. Ranar 16 ga Maris 2024 hukumomin Yamai suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, ranar 5 ga Agusta Amurkawa suka miƙa sansanin Agadas. Daga sanarwa zuwa tafiya ko wata biyar ba a cika ba.

Ba ina cewa kada su tafi ba, wannan magana ce ta ƙasa kuma mutane da yawa a nan sun goyi baya. Maganata ita ce mutanen da ke ci daga wurin. Ƙanena direba ne, ta hannun wani ɗan kwangila yake aiki a can. Akwai masu shara, masu wanki, masu dafa abinci, masu tafinta, masu kai yashi da tsakuwa. Albashinsu ya fi na gari nesa ba kusa ba, kowanensu kuma yana riƙe da gida babba. Da aiki ya tsaya, ɗan kwangila ya sallame su, shi ke nan. Ƙanena yanzu yana jigila zuwa wuraren haƙar zinariya, hanya mai haɗari da ba ma barci sai ya kira.

Abin da ya sa ya fi zafi, garin ya riga ya sha duka a jere. Yawon buɗe ido ya mutu bayan tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010. Dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure, aka kama motoci aka ɗaure direbobi, sai a Nuwamba 2023 aka soke ta. Kamfanin Cominak na haƙar uraniyum a Akokan ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, da ma'aikata wajen 600, ban da 'yan kwangila waɗanda su suka fi shan wuya. Shi ma da aka sanar tun 2019, aka yi shiri a takarda, je ki ga unguwar yanzu.

Abin da Injiniya ya bayyana ya tuna mini Faransa. A 2008 da suka rage barikoki a cikin ƙasarsu, sun ware yuro miliyan 320, suka sa hannu a kwantiragi da kowane garin da abin ya shafa, wasu filayen ma a kan yuro ɗaya aka sayar wa garuruwan. Wannan don garuruwansu ne. Idan suka tashi daga Yamai, ko Abeche da Faya a Chadi, babu wannan kwantiragin, kuma ba su ne za su yi mana ba. Hukumomin jiharmu ne ya kamata tun ranar da aka fara zuba kwalta su tambayi kansu ina waɗannan ma'aikatan za su nufa ranar da baƙi suka naɗe kaya.

Tsohon Soja, Kaduna

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na karanta duka, kuma zan faɗi nawa a matsayin wanda ya ci gishirin soja har ya ajiye kaki.

Da farko ki riƙe wannan: ba a kai soja wuri don kasuwa. Ranar da sigina ta zo, ko matarka na naƙuda za ka hau mota. Kwamanda ba zai duba littafin bashin mai tuwo ba kafin ya tura bataliya. Saboda haka kada wanda ya jira soja ya gyara wannan, aikin farar hula ne.

A Najeriya ba a cika rufe bariki ba, ƙarawa ma ake yi. Depot na Zariya, inda ake horar da kuratan soja, tun 1924 yake nan, makarantar hafsoshi ta Kaduna tun 1964, kwalejin Jaji tun 1976. Namu ciwon irin naki ne, na tafiya. Lokacin Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, daga baya Darfur, yanzu kuma Arewa maso Gabas, na ga kasuwar mami ta koma kufai cikin mako guda. Matan nan da bashi suke sayarwa, sai ƙarshen wata a biya. Idan yaro ya tafi fagen daga bai dawo ba, bashin ya bi shi. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan asarar a wani ofis.

Gwamnoninmu suna taimakon soja, ba na musu. Suna ba da fili, suna sayen motocin sintiri, suna ba da alawus. Amma duk wannan cikin shinge yake shiga. Ƙauyen da ke bakin get, mai ba sojoji hayar ɗaki da ruwa da itace, ba shi da wani layi a kasafin kuɗi da sunansa. Akwai dalili. Tsaro a tsarin mulkin 1999 hurumin tarayya ne kaɗai, kuma tun da daɗewa doka ta sa harajin albashin soja da ɗan sanda a hannun hukumar haraji ta tarayya, ba ta jiha ba. To gwamna yana kallon dubban masu albashi a jiharsa da ba ya karɓar komai daga gare su, sai ya ce ai 'yan Abuja ne. Abuja kuma ta ce ƙauyen na gwamna ne.

Mafi muni shi ne inda bariki ba ciniki kaɗai yake kawowa ba, har da rai. A 2019 da aka janye sojoji daga ƙananan sansanoni a Borno aka tara su a manya, garuruwa irin su Gubio da Magumeri sun ga abin da ya biyo baya. Can ba shago ke rufewa ba, gari ne ke watsewa.

Dokar man fetur ta 2021 ta tilasta wa kamfanoni ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu don al'ummomin da ke karɓar baƙuncinsu. Ni a ganina garin da ya ba da gonakinsa aka yi bariki da filin harbi shi ma mai masauki ne. Ko majalisar jiha ɗaya ce ta fara, ta ware wani abu don ruwa, makaranta da hanya a irin waɗannan garuruwa, sauran za su bi. Jami'ar soja da aka kafa a Biu a 2018 ta nuna abin da nake nufi, ɗalibi ba a tura shi yaƙi, shekara huɗu yana cin abinci a garin.

Injiniya, San Antonio

Baba, ranka ya daɗe, maganarka ta ƙarshe ita ce abin da tarihin rufe sansanoni a nan ya nuna. Hajiya kuma ba ni da ja a kan batun harajin gidaje, kin fi ni gaskiya, kuma magadan garuruwanku suna kai kukan Austin duk zaman majalisa.

Bari in ba da misali biyu da ke kusa da juna. Sansanin sojan sama na Pease a New Hampshire ya rufe a 1991. Tun 1990 majalisar jihar ta kafa hukumar da za ta karɓi filin, kuma wurin yana bakin babbar hanya, tafiyar kamar awa guda zuwa Boston. Yau cike yake da kamfanoni, ma'aikatansa sun fi na zamanin soja. Loring a Maine ta rufe a 1994, ita ma jiha ta kafa mata hukuma, amma tana can ƙurya a bakin iyakar Kanada. Garin Limestone da ke da mutum wajen 9,900 a 1990 ya dawo ƙasa da 2,400 a 2000. Hukuma iri ɗaya, sakamako dabam. Inda jiha ta fi yin tasiri shi ne inda ta kawo abin da yake nata: a Fort Ord ta Kalifoniya jami'ar jiha aka dasa a 1994, a Beeville gidajen yari aka gina a kan tsohon filin jirgi. Ba kowa ke son gidan yari a garinsa ba, amma albashi ne da ba ya tafiya Poland.

Killeen ta fara samun irin wannan. Jami'ar Texas A&M ta yankinku ta tsaya da ƙafarta a 2009 a kan filin da bariki ya bayar, filin jirgin saman da kuke rabawa da soja ya buɗe a 2004, babbar hanyarku ta shiga jerin manyan hanyoyin da ke haɗa jihohi da sunan I-14 a 2017. Kuma Fort Hood ba irin wanda ake rufewa ba ne, girmansa ya haura eka 200,000. Abin da ke iya faruwa shi ne ragewa, kamar yadda shawarar BRAC ta 2005 ta ɗauke runduna ta huɗu daga Fort Hood zuwa Colorado.

Mai Shago, Killeen

Na gode muku duka. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar bashin da ke bin yaro fagen daga ta tsaya mini a rai, domin ni ma ina da littafi a ƙarƙashin kanta, kuma akwai shafukan da na san ba zan buɗe su ba. Ɗan'uwana na Agadas, Allah ya tsare ƙanenka a hanya, ya kawo masa abin yi kusa da gida.

Injiniya, ragewar nan da ka ambata ita ce ainihin abin. Duk shirye-shiryen da ka lissafa an gina su ne a kan ranar rufewa, babbar rana da jaridu za su zo. Mu kuwa ba rufewa ke kashe mu ba, tafiyar wata tara ce da ke zuwa ta koma, da albashin da ke tsayawa idan 'yan siyasar Washington suka yi faɗa. Ga wannan ban ji an tanadi komai ba. Jihar da za ta iya amincewa da rancen miliyan 250 don gine-gine za ta iya ware ɗan ƙaramin asusu da mai aski ko mai wanki zai ranta ya biya haya idan birged ta tafi, ya mayar idan ta dawo. Ba kyauta muke nema ba. Kuma ta biya garuruwa cikakken abin da dokarta ta tsofaffin sojoji ta rage musu, daga baitulmalin jiha gaba ɗaya, tunda yaƙin da suka yi ba don gundumar Bell kaɗai suka yi shi ba.

Na yi magana da mai askin da wata 'yar Koriya mai ɗinkin kaki a layinmu, sun yarda mu je zaman majalisar gari tare, tunda ana ba kowa 'yan mintuna ya yi magana. Kowa zai zo da lissafin cinikinsa na watannin da sojoji suke nan da na watannin da ba sa nan, a gani a takarda. Majalisar jiha sau ɗaya take zama a shekara biyu, daga Janairu, kwana 140 kacal, don haka in ana son wani abu ya shiga sai an fara bin ɗan majalisa tun kafin lokacin.

Injiniya, taimako ɗaya ya rage. Izinin rumfa a kantin bariki, shin takardar kicin ɗina ta gunduma ta wadatar, ko sai masu duba abinci na soja sun zo sun ga wurin da kansu? In ka san wanda ya taɓa yi a San Antonio, don Allah ka tambayar mini kason da suke ɗauka kafin in je.